Tsoron kada a yi babu ni

1/
Yau shekara guda cif da aka yi girbin ƙarshe a gonar kakana a Rijiyar Zaki. Jikoki kaf sun hallara, har da na goye. Ni kaɗai ne babu. Ina Abuja, kati rataye a wuya, ina ta ɗaukar hoto.

Na daɗe ina son rubuta wannan. Zaren zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri 🧵

2/
Ga waɗanda ba su san ni ba: ɗalibi ne ni a BUK, aji uku. Gidanmu na Rijiyar Zaki, ƙaramar hukumar Ungogo, adaidaita ɗaya ce ke kai ni makaranta. Ina sayar da huluna da takalman fata ɗinkin Kano. Ba ni da shago, ba ni da rumfa. Duk kasuwata tana cikin wayar nan da nake rubutu da ita.

3/
Yajin aikin ASUU na 2022 ne ya jefa ni ciki. Daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas muna gida. Da na gaji da zaman majalisa da musun ƙwallo, Umma ta ranta min dubu 30 daga kuɗin adashinta. Na saro huluna, na shimfiɗa farin zani a tsakar gida, na ɗauke su hoto na ɗora a Instagram.

4/
Sati uku ba wanda ya ko tambayi kuɗi. Sai wani bawan Allah daga Fatakwal ya yi odar guda biyu. Ranar da alat ɗin ya shigo, wallahi sau uku ina fita daga saƙon ina komawa. Daga nan abu ya fara tafiya: a yi oda, a turo kuɗi, in kai tasha in ba direba, in tura wa mai kaya lambarsa.

5/
Da kasuwa ta buɗe sai tafiye-tafiye suka biyo baya. Maiduguri, saro zanna daga hannun masu ita. Legas, kai kayan 'yan biki. Kaduna, Abuja. Har Maraɗi na taɓa leƙawa kafin a rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Ko a cikin mota amsa kwastoma nake, in dai akwai sabis da caji.

6/
Ba zan yi butulci ba. Da sana'ar nan na biya kuɗin makarantata sau biyu, na mayar wa Umma kuɗinta, na canza wa ƙanwata waya. Amma akwai wani ciwo da ya biyo ta, wanda ban cika jin 'yan uwana masu kasuwar waya suna maganarsa ba. Kowa ka tambaya, "Alhamdulillah, ana ta fama."

7/
Turawa na ce masa FOMO. Wani ɗalibin makarantar kasuwanci ta Harvard, Patrick McGinnis, shi ya yaɗa kalmar a 2004. Mu ba sai mun yi aro ba, muna da tamu tun tuni: kada a yi babu ni. Da wasa ake faɗarta in an sauke tukunya. Ni kuwa ta zame min ciwo mai hana barci.

8/
Ga yadda yake kama ni. Ina motar dare zuwa Legas, kowa ya yi barci, sai in buɗe WhatsApp. Sitatus ɗin 'yan unguwa: ɗaurin auren wane, kamun wance, 'yan ajinmu sun haɗu shan shayi a Kabuga bayan lakca. In bi su ɗaya bayan ɗaya har data ta ƙare, zuciyata na ce min, ka gani ko, ana ta yi an bar ka.

9/
To ka ce in na dawo gida zan huta? Ina! Ranar da na kwana a ɗakina, Instagram zan buɗe. Wane yana baje koli a Abuja. Wance ta samu tallafi an kai ta Kigali. Wani sa'ana yana Dubai yana sarin agogo. Sai gidan ya yi min ƙunci, in ji kamar zaman nan asara nake tafkawa.

10/
Kun ga matsalar? In ina waje hankalina na gida, in ina gida hankalina na waje. Shekara biyu a haka. Umma za ta yi min magana sau biyu, in ce "na'am" alhali ban ji komai ba. Wata rana ta ce, "Kai ko kana nan ma sai mun yi kewarka." Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

11/
Abin kuma yana cin kuɗi. Bayan cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi sahu. Amma ban rage yawo ba. Da na zauna daga baya na duba littafina, kusan rabin tafiye-tafiyen ba oda ce ta kai ni ba. "Kowa zai je" kawai na ji.

12/
Ya taɓa min karatu ma. Akwai gwajin da na tsallake saboda wani baje koli na kwana biyu. Na ce a raina maki kaɗan ne, zan rama a jarrabawa. Ban rama ba. Har yanzu ina jan kariyobar, ina zama aji ɗaya da ƙannenmu. Ba wanda ya yi min, ni na yi wa kaina.

13/
Yanzu maganar gona. Duk wanda ya san Rijiyar Zaki shekara 15 baya ya san in ka ɗan saki titin Gwarzo, gonaki ne: gero, dawa, gyaɗa, wake a tsakani. Gari ya yi ta matsowa, gona ta zama fuloti, fuloti ya zama gida. Ta kakana na cikin 'yan kaɗan da suka rage a ɓangarenmu, gine-gine sun sa ta a tsakiya.

14/
Baba Tsoho muke ce masa. A gonar nan na koyi riƙe fartanya, a nan kunama ta fara harbina, a gindin ɗorawar da ke tsakiyarta muke shan fura in an tashi daga noma. Bara ya tara 'ya'yansa ya ce ƙarfi ya ƙare, awakin maƙwabta sun fi shi cin amfanin, gara ya raba musu da ransa kowa ya san feginsa.

15/
Aka tsayar cewa dawar da ke tsaye ita ce ta ƙarshe. Ya ce ranar Asabar za a yanke ta, gayya yake so irin ta da, kuma ba ya son ɗan ƙwadago ko ɗaya, 'ya'ya da jikoki kawai. Umma ta faɗa min tun Litinin. Na ce in sha Allahu. Har ga Allah da niyyar zuwa na faɗa.

16/
Laraba da dare wani ya turo sanarwa a guruf ɗinmu na masu kasuwar intanet: taron matasa 'yan kasuwa a Abuja, ranar Asabar, manya za su zo. Nan take guruf ya rikice. "Na biya." "Ni ma na biya." "Duk wanda bai zo ba ya yi asara." Na kwanta, barci ya ƙi. Ƙarfe ɗayan dare na tura dubu 15 kuɗin shiga.

17/
Da na faɗa wa Umma ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi min sauƙi. Cewa ta yi, "Ka je ka faɗa wa kakanka da bakinka." Ban je ba. Na ba ƙanina saƙo, na ce ya ce wani aikin gaggawa ne ya taso. Juma'a da asuba na kama hanya.

18/
Taron fa? Ba zan kama suna ba, ba su yi min laifin komai ba. Ɗaki mai sanyi, kujeru masu laushi. Mutum biyar suka yi magana, duk abin da suka faɗa na taɓa jinsa kyauta a YouTube: ka dage, ka riƙa ɗora kaya kullum, ka san kwastomanka. Na karɓi lambar mutum biyu. Ɗaya har yau bai buɗe saƙona ba.

19/
Da aka fita hutun azahar na zauna a kan matakala na buɗe waya. Sitatus ɗin ƙanwata na farko: maza sun jeru suna kwantar da kara, ƙura na tashi, ana tsokanar Baffa wai zaman ofis ya mantar da shi riƙon magirbi. Na biyu: samari na yanke zangarniya, yara na kwasa, su Umma sun aiko da fura da ɗanwake.

20/
Na ukun shi ya gama da ni. Baba Tsoho a gindin ɗorawa, dammunan dawa jere a bayansa, jikoki sun kewaye shi. Na buɗa hoton da yatsa ina ƙirga kawuna. 23. Mu 24 ne. Har ɗan Baffana da ke karatu a Zariya ya yi sammako ya zo.

21/
Abin da ya fi ba ni kunya: minti goma kafin nan na ɗora nawa hoton, ni da kati a wuya a gaban allon taro. Ina cikin kallon hoton gonar sai ga saƙo daga ɗan Baffan nan, yana tsaye a cikin gonar fa: "Kai mutumina, ka more wallahi. Mu muna nan muna shan rana."

22/
Na daɗe ina kallon saƙon. Yana wurin da nake takaicin ban je ba, yana hangen inda nake. Ni kuma ina inda yake sha'awa, ina ƙirga kawuna. Kowannenmu ɗan guntun ranar ɗan'uwansa ya gani, ya ɗauka can ake jin daɗi. Ban koma zaman yamma ba.

23/
Na dawo Lahadi, amma sai Laraba na iya zuwa gaishe shi. Na tarar da shi a zaure kan buzunsa. Na durƙusa. Ko gama amsa gaisuwar bai yi ba ya ce, "A'a, madugu uban tafiya! An sauka lafiya? Ina ayarin, ko su ma ka baro su a hanya?" Wasan jika da kaka ne, amma ta shige ni.

24/
Na fara kame-kame. Ya ɗaga hannu. "Bar shi. Zauna. Kana tsammanin kai ka fara yawo a gidan nan?" Ashe ban san kakana ba. Manomi na taso na gan shi. Ban taɓa sanin ya yi shekara 12 yana zuwa cin rani Kudu a ƙuruciyarsa ba.

25/
Ya ce da an gama girbi an zuba a rumbu, sai su hau jirgin ƙasa a tashar Kano su yi Ikko. A Agege ya zauna. Ya yi ga-ruwa, ya yi dako, daga baya ya shiga harkar goro yana zuwa Shagamu. Wata biyar, wani lokaci shida. Da ya ga hadari ya fara haɗuwa a can, ya san sharar gona ta matso a gida, sai ya ɗaure kaya.

26/
Na ce, "Baba, to abubuwan da ake yi a gida ba ka nan fa?"

Ya ce, "Ana yi mana. Babanka ma ina Agege aka haife shi. Sai bayan suna da sati uku wani ɗan garinmu ya zo da wasiƙa. Na sayi goro na raba wa mutanen masallaci, na je na yi barcina."

27/
Na ce, "Ba ka ji zafi ba?"

"Na ji. Amma sau ɗaya na ji." Ya nuna wayata da baki. "Ku kuwa wannan abar kullum sai ta nuna muku abin da ya wuce ku, safe da yamma. Wa zai iya? Ko jaki ne aka riƙa nuna masa dusa gabas da yamma, wuyansa zai ƙage bai ci ko ɗaya ba."

28/
Sai ya faɗi maganar da ta sa na zauna rubuta zaren nan. "Ni na san abin da na bari. Rani na Kudu ne, damina ta gida ce. Duk abin da za a yi da rani na yafe shi tun kafin in hau jirgi. Amma ko zinare ake rabawa a Ikko, ba a ruwan shuka babu ni. Kai naka ranin yaushe yake ƙarewa?"

29/
Na rasa amsa. Don gaskiya kasuwar waya ba ta san rani ba, ba ta san damina ba. Ba a tashinta kamar Kantin Kwari in yamma ta yi. Ƙarfe biyun dare wani daga Ingila zai tambaye ka kuɗin hula. In ba kai ka yanka mata lokaci ba, shekararka duka za ta cinye, ta haɗa da Sallah.

30/
Ni da shi duk an yi abubuwa babu mu. Bambancin kawai, shi da kansa ya zaɓi abin da zai wuce shi, tun yana gida hankalinsa kwance. Ni kuma guruf ne ke zaɓa min ƙarfe ɗayan dare. Taura biyu ba ta taunuwa, na san wannan tun ina firamare. Aiki da ita ne ban taɓa yi ba.

31/
Ga abin da na canza. Ni ba malami ba ne, abin da ya yi min aiki kawai zan faɗa.

Na ɗaya: na yi wa kaina damina. Farkon kowane zangon karatu nakan ɗauki kalanda in ja layi: sati biyu kafin jarrabawa har a gama, kwana uku na kowace Sallah, da duk biki ko suna na cikin gidanmu. Ranakun nan ba na ko'ina.

32/
Na biyu: tambaya uku kafin in biya kuɗin mota. Akwai oda ko sari da zai dawo da kuɗin? Wa zan gani, da sunansa, kuma ya san ina tafe? In aka hana ɗaukar hoto a wurin, zan je? Ta ukun nan ita kaɗai ta kashe min tafiya huɗu a bana.

33/
Na uku: na raba layi. Na kasuwa yana kan WhatsApp Business a tsohuwar wayata, da saƙon da ke amsawa da kansa cewa mun tashi, sai da safe. Da an yi isha'i sai cikin jaka. Na ji tsoron kwastomomi za su gudu. Kaɗan sun gudu. Yawancinsu da safe nake tarar da su suna jira.

34/
Na huɗu: na rufe sitatus ɗin mutum sama da 60. Ba gaba, ba hassada, mutanen kirki ne. Na dai gane ba kowace nasarar wani ce zuciyata ke iya ɗauka ƙarfe 11 na dare ba. In ina hanya kuma na daina leƙen sitatus ɗin gida. Kiran Umma nake yi. Minti biyar da muryarta ya fi min bidiyo 20.

35/
Na biyar: na daina ɗaukar komai ni kaɗai. Ƙanina ne yanzu ke kai kaya tasha, yana da kasonsa a kowace hula. A Maiduguri akwai dattijon da muka saba, kiran bidiyo nake yi ya nuna min kaya in zaɓa. Tafiyar da da nake yi kusan duk wata ta koma sau uku a shekara.

36/
Na shida, wannan a wurin Umma na koya: al'adarmu ta bar ƙofa ga wanda bai samu zuwa ba. Suna ya wuce ka, akwai barka. Ɗaurin aure ya wuce ka, akwai Allah ya sa alheri. Jana'iza ta wuce ka, akwai gaisuwa. Da, kunya ke sa in ɓuya. Yanzu ina sauka nake zagayawa, kafin ma in kwance kaya. Zumunta a ƙafa take, ko da ƙafar ta makara.

37/
Kada in yi muku ƙarya, abin ba kyauta ba ne. A Babbar Sallar bana wani ya nemi in kai masa huluna 40 Abuja washegarin Sallah, na abokan ango. Ranar tana cikin layin da na ja. Na ce zan ba direba, ya ce sai dai ni da kaina, don a gwada a canza. Na ba shi haƙuri. Ya ba wani. Kwana biyu ina lissafin ribar a kaina.

38/
Amma ranar ina tsakar gida ana suyar nama, Baba Tsoho na tsokanata wai madugu ya yi ritaya, sai can da la'asar na lura wayata na ɗaki tun safe ban neme ta ba. Ba zan ce ya biya ni ribar huluna 40 ba, aljihuna ya san bai biya ba. Na dai san wannan karon ni na zaɓa.

39/
Ciwon bai warke ba fa. Makon jiya ma na ga 'yan guruf a wani taro a Legas, sai da cikina ya ɗan juya. Sai dai yanzu na san shi, na san ƙarfe nawa yake zuwa, na san ba a yanke shawara yana kanka. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, in ji mutanen da. Ni kuma na ƙara: ba a tura kuɗin taro bayan sha biyun dare.

40/
Gonar yanzu fegi takwas ce. Uku an fara gini, bulo ya kai linta. An sare ɗorawar a watan Maris. In na biyo ta wurin wani lokaci nakan tsaya in gwada gano inda muke zama shan fura. Ba na iyawa.

41/
Ranar da na je gaishe shi ɗin nan, da zan tashi ya sa aka ɗauko masa wani abu daga ɗaki. Zangarniyar kaura guda uku, ɗaure da igiya. Ya ce, "Kowane jika ya ɗauki nasa a gona. Ga naka. Iri ne, ba na tuwo ba."

Na ce, "Baba, a ina zan shuka?"

Ya ce, "Wannan kuma madugu ya shafa."

42/
Suna rataye a ɗakina, saman teburin da nake ɗaukar hoton huluna. Da ruwa ya sauka bana na murje kaɗan na shuka a bayan ɗakin Umma. Bakwai suka fito, akuya ta ci huɗu. Ukun da suka rage jiya na yanke su. Ni kaɗai, ba gayya. Na kai wa Baba Tsoho ɗaya, ya juya ta ya ce ba laifi, amma taki ya yi kaɗan.

43/
In kana irin wannan sana'a, kana makaranta ko kana yawo tsakanin garuruwa, ka ɗauki kalanda yau ka ja wa kanka damina. Za a yi abubuwa babu kai, wannan dole ne. Ka dai tabbata kai ka zaɓi waɗanne.

Masu son hula, ƙofa a buɗe take. Amma in isha'i ta wuce, sai da safe 🙏🏾